Rubutaccen Umarni da Adana Hoto Mai Leyoyi a Kwamfuta

 Shirin na yau ya shafi wani ɓangare na aikin zane a kwamfuta wanda yake cin lokacin masu sana'ar ƙwarai amma ba a cika koyar da shi ba, wato yadda ake rubuta wa manhajar gyaran hoto umarni domin ta ɗauki hoton da aka gina hawa-hawa, ta adana shi a fayil ɗaya ko a fayiloli masu yawa, ba tare da mutum ya zauna yana danna linzami har hannunsa ya gaji ba. Za a gina bayanin a kan manhajar GIMP, saboda kyauta ce ga kowa kuma ƙofarta a buɗe take ga mai son ganin yadda aka ƙera ta, sannan a taɓo Photoshop da wasu a inda ya dace. Abin da shirin yake son ya zauna a zuciyar mai sauraro shi ne cewa hoton da ido yake gani a fuskar kwamfuta daban yake da abin da manhajar take riƙe da shi a ciki, kuma rubutaccen umarni da abin da ke ciki yake hulɗa, don haka duk shawarar da mai zane bai rubuta masa ba, to manhajar za ta yanke ta a madadinsa, sau da yawa ta hanyar da ba zai so ba.

Leya ita ce falle guda daga cikin fallayen da aka ɗora wani kan wani har suka ba da hoto ɗaya. Ana iya kwatanta ta da farar leda mai shara-shara da aka yi zane a wani gefenta aka bar sauran fili, ta yadda idan aka jera irinta biyar a kan juna, mai kallo daga sama zai ga zane guda, alhali kowane falle yana nan da kansa, ana iya zare shi, ko a matsar da shi, ko a sauya masa launi ba tare da an taɓa sauran ba. A fostar fim ko katin gayyatar biki, alal misali, launin bango yakan zama leyar ƙasa, hoton mutum ya hau kanta, inuwarsa ta zama leya ta daban, sannan rubutun suna da na kwanan wata su zo daga sama. Manhajar Photoshop, wadda 'yan'uwan nan biyu Thomas da John Knoll suka ƙirƙira kuma kamfanin Adobe ya fitar a 1990, ba ta samu leyoyi ba sai a fitowarta ta uku a 1994, kuma tun daga lokacin wannan tsari ya zama ginshiƙin aikin zane a kwamfuta.

Abin da ya sa leya take iya nuna abin da ke ƙarƙashinta shi ne wata lamba ta huɗu da ake ajiyewa tare da kowane fiksel, wato ƙaramin ɗigon da tarinsa yake zama hoto. Lambobi ukun farko suna faɗin yawan ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255 a tsarin da aka fi amfani da shi, ta huɗun kuwa, wadda ake kira alfa, tana faɗin yadda ɗigon yake rufe na bayansa, daga rashin rufewa sam zuwa rufewa ruf. Ed Catmull da Alvy Ray Smith ne suka fito da wannan dabara a ƙarshen shekarun 1970 a Amurka, sannan Thomas Porter da Tom Duff suka shimfiɗa lissafinta a wata maƙala da suka wallafa a 1984. A lissafi mafi sauƙi, idan aka ɗora baƙin ɗigo mai rufe kashi ɗaya bisa huɗu a kan farin ɗigo mai daraja 255, za a ɗauki kashi ɗaya bisa huɗu na sifili a haɗa da kashi uku bisa huɗu na 255, a samu toka-toka mai daraja 191. To amma GIMP, tun daga fitowarta mai lamba 2.10 a 2018, tana yin wannan haɗi ne bisa ainihin ƙarfin haske a salonta na yau da kullum, kuma ta wannan hanya ɗigon zai fito da daraja kusan 225, wato ya fi haske a fili. Wannan bambanci yana da muhimmanci ga mai rubuta umarni, domin yana nuna cewa hoton da ake gani sakamakon lissafi ne da manhajar take yi a kowane lokaci, kuma idan aka fitar da leyoyi ɗaya-ɗaya aka kai su wata manhaja ta sake haɗa su, babu tabbacin inuwa da hasken za su dawo yadda suke.

Daga nan sai batun nau'in fayil, domin ba kowane fayil ne yake iya ɗaukar leyoyi ba. Nau'in JPEG, wanda aka daidaita a 1992, falle ɗaya kawai yake riƙewa, ba shi da alfa, kuma yana zubar da wani ɓangare na bayanin hoton domin ya rage nauyi, ta yadda duk lokacin da aka buɗe shi aka gyara aka sake adanawa sai ingancinsa ya ƙara raguwa. Nau'in PNG, wanda ya samu karɓuwa a hukumance a 1996 bayan rigimar haƙƙin mallaka da ta dabaibaye GIF, shi ma falle ɗaya ne, sai dai yana riƙe alfa kuma ba ya zubar da komai. Fayilolin da suke riƙe ginin hoto gaba ɗaya su ne irin PSD na Photoshop da XCF na GIMP, wanda ya samo sunansa daga wata ƙungiyar ɗaliban kwamfuta ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, inda Spencer Kimball da Peter Mattis suka fara rubuta manhajar a 1995. A cikin XCF ake samun kowace leya da sunanta da mazauninta da salon cuɗanyarta da na ƙasa, da marufin da yake ɓoye wani sashenta, da rubutun da har yanzu ana iya gyara haruffansa. Akwai kuma OpenRaster, wanda ya cancanci a san shi fiye da yadda aka san shi, domin a zahiri ƙunshi ne irin na zip da aka zuba kowace leya a cikinsa a matsayin PNG, tare da wani ɗan fayil da yake bayyana jerinsu, kuma GIMP da Krita da MyPaint duk suna karanta shi.

Saboda wannan bambanci ne masu kula da GIMP suka raba aikin gida biyu a fitowa ta 2.8 a 2012, inda adanawa ta koma ta XCF kaɗai, duk wani nau'i kuma sai ta hanyar fitarwa. Mutane da yawa sun yi ƙorafi a lokacin, amma hukuncin daidai ne, domin kafin nan an sha yin asarar aikin yini guda ta hanyar adana shi a JPEG a rufe manhajar, a wayi gari a tarar leyoyi talatin sun narke sun zama ɗaya. Sai dai wannan shinge a tagogin manhajar kawai yake. Mai rubuta umarni ba shi da irin wannan kariya, domin hanyar da ake kira gimp-file-save tana duba ƙarshen sunan da aka ba ta ne kawai ta zaɓi nau'in fayil, kuma ba za ta tsaya tambaya ba ko da za ta rubuta a kan fayil ɗin da ya riga ya wanzu.

Rubutaccen umarni, wanda masu sana'ar suke kira sikirif, jerin matakai ne da ake rubutawa a fayil na rubutu zalla domin manhaja ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sa hakan yake yiwuwa a GIMP shi ne kusan duk aikin da ake yi da linzami yana da suna a wani kundi na cikin manhajar da ake kira PDB, wato rumbun hanyoyin aiki, kuma a ƙarƙashin sashen taimako akwai taga da ake bincika wannan rumbu, inda kowace hanya take bayyana abin da take buƙata a ba ta da abin da za ta mayar. Harsuna biyu aka fi yin magana da wannan rumbu da su. Na farko shi ne Script-Fu, wanda aka gina a kan harshen Scheme da Gerald Sussman da Guy Steele suka ƙirƙira a cibiyar MIT a 1975, kuma a cikinsa aikatau ne yake zuwa da farko, ta yadda idan za a tara 2 da 3 sai a buɗe baka, a sa alamar tarawa, a sa 2, a sa 3, a rufe baka. Na biyu shi ne Python, wanda ya fi sauƙin karantawa kuma ya fi ƙarfi wajen sarrafa sunaye da foldoji. Script-Fu yana da wata ɗabi'a da take tuntsurar da sabon shiga, domin a salonsa na asali duk amsar da rumbun ya mayar a cikin jeri take zuwa ko da abu ɗaya ne, saboda haka idan aka buɗe hoto dole a yi amfani da kalmar car a ciro abu na farko daga jerin kafin a samu lambar hoton, in ba haka ba mataki na gaba zai ƙi karɓa.

Kowace hanyar fitarwa tana fara tambayar yanayin da za ta yi aiki, kuma yanayin uku ne: wanda take buɗe taga ta tambayi mutum, da wanda take maimaita zaɓin da aka yi a baya, da wanda ba ta tambayar kowa. Na ƙarshen shi ne wanda aikin jimla yake buƙata, kuma a nan ne babban tarkon yake. A GIMP 2.10, hanyar da ake kira file-png-save tana karɓar hoto, sannan tana karɓar leya guda daga cikinsa, kuma idan mutum ne yake fitarwa da hannu manhajar takan yi kwafi a ɓoye, ta haɗe leyoyin, ta adana abin da ido yake gani. Idan kuwa aka kira ta a yanayin da ba ta tambaya, wannan hidima ba ta faruwa, leyar da aka miƙa mata ita kaɗai take rubutawa. Wannan shi ya sa mutum zai rubuta umarni domin ya fitar da fosta sukutum, ya buɗe fayil ɗin ya tarar da kwanan wata kaɗai a cikin wani ɗan siririn hoto, domin leyar kwanan watan ce take zaɓe a lokacin da aka adana aikin. Babu kuskure a wurin manhajar, abin da aka ba ta shi ta adana.

Maganin wannan shi ne a haɗe leyoyin kafin fitarwa, kuma hanyoyin haɗewa biyu ne da bai kamata a rikita su ba. Hanyar gimp-image-flatten tana narkar da duk leyoyin da ake gani su zama ɗaya, tana zubar da waɗanda aka ɓoye, tana cire alfa, kuma duk inda babu zane tana cike shi da launin bangon da yake zaɓe a akwatin kayan aiki a daidai wannan lokaci, ta yadda idan wani ya bar shi a kan kore jiya, duk fayilolin yau da koren bango za su fito. Umarni mai kyau yakan sa launin bangon da kansa kafin ya narkar, sannan ya mayar da shi yadda ya same shi. Hanya ta biyu, gimp-image-merge-visible-layers, tana haɗe waɗanda ake gani amma tana barin alfa, kuma ita ta dace da tambarin kamfani ko hoton da za a ɗora a kan wani bango daga baya, sai dai tana neman a faɗa mata ko ta yanke sakamakon daidai girman filin hoton ko ta faɗaɗa shi ya ɗauki duk abin da ya zarce gefe. Dukkan hanyoyin biyu suna rushe ginin hoton, don haka ƙa'idar da babu sassauci a cikinta ita ce a fara yin kwafi da gimp-image-duplicate, a yi duk rushe-rushen a kan kwafin, a bar na asali yadda yake.

Domin a ga abin kusa da kusa, a ɗauki misalin mai shagon zane da wata makaranta ta ba shi aikin takardun shaidar kammala karatu na ɗalibai 40. Ya shirya takardar a girman A4 a kwance, da ɗigo 300 a kowane inci kamar yadda masu ɗab'i suke so, wanda ya ba da fiksel 3508 a faɗi da 2480 a tsayi. A ƙasa akwai leyar ado da tambarin makaranta da wurin sa hannu, a sama kuma leyoyi 40, kowace ɗauke da sunan ɗalibi guda. Abin da ake bukata shi ne fayiloli 40, kowane da ado iri ɗaya da suna daban. Umarnin zai fara da buɗe fayil ɗin XCF, ya nemi jerin leyoyinsa da gimp-image-get-layers, ya ware leyar adon ta hanyar sunanta, sannan ya ɓoye duk leyoyin sunaye. Daga nan sai ya shiga zagaye, wato matakan da ake maimaitawa ga kowane abu a jeri: ya bayyana leyar suna guda, ya yi kwafin hoton, ya narkar da kwafin, ya karanta sunan leyar ya gina sunan fayil da shi, ya fitar, ya goge kwafin daga ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya sake ɓoye leyar, sannan ya wuce ta gaba. Idan aka manta da matakin sake ɓoyewa, takarda ta biyu za ta fito da sunaye biyu a cakuɗe, ta arba'in kuma da baƙin tabo a inda suna ya kamata ya kasance.

Matakin goge kwafin shi ma yana da nasa lissafi. Takardar da aka ambata tana da fiksel kusan miliyan 8.7, kuma idan kowane yana cin bayit huɗu, falle guda mai cikakken girma yana kaiwa kusan megabayit 35 a ƙwaƙwalwa, ko da fayil ɗin da zai fito bai kai haka ba saboda matsewa. Hoton da umarni ya buɗe ko ya kwafa ba shi da taga a fuskar kwamfuta, saboda haka babu wanda zai gan shi balle ya rufe shi, kuma yana nan zaune har sai an kira gimp-image-delete. Kwafi 40 da aka bari za su tara kusan gigabayit ɗaya da rabi, abin da ya isa ya sa kwamfutar da ke da ƙwaƙwalwar gigabayit 4 ta fara rarrafe. Yana da kyau kuma a kashe tarihin komawa baya a kan kwafin, tunda babu wanda zai koma baya a hoton da za a goge nan da daƙiƙa biyu.

Wani lokaci bukatar akasin wannan ce, wato a fitar da kowace leya ita kaɗai ba tare da bango ba, kamar yadda masu haɗa hoton motsi da masu ƙera wasannin waya suke yi. A nan matsalar girma da mazauni take tasowa, domin a GIMP leya tana da nata girman daban da na filin hoto. Leyar suna tana iya zama fiksel 900 a faɗi da 150 a tsayi, tana zaune a tazarar fiksel 1300 daga hagu da 1100 daga sama, kuma idan aka fitar da ita haka, fayil ɗin zai zo da girmanta kawai, labarin inda take zaune kuwa ya ɓace. Mai umarni yana da zaɓi biyu, kuma dole ya san wanda aikinsa yake bukata. Ko dai ya faɗaɗa kowace leya ta kai girman filin da gimp-layer-resize-to-image-size, ta yadda duk fayilolin za su hau kan juna daidai a kowace manhaja, ko kuma ya bar ta a girmanta domin sauƙin nauyi, ya tambayi mazauninta ya rubuta lambobin biyu a cikin sunan fayil ko a wata takarda ta daban. Sannan ga batun jeri: a lissafin GIMP leyar da ke can sama ita ce ta farko, alhali idan ana fitar da hoton motsi na GIF leyar ƙasa ce take fara bayyana, saboda haka wanda ya ba fayiloli lamba bisa jerin da rumbun ya mayar zai ga motsinsa yana tafiya da baya. Tun daga 2.8 kuma akwai rukunin leyoyi, wato leya mai ɗauke da wasu a cikinta, kuma jerin farko na saman kawai yake kawowa, don haka sai umarnin ya tambayi kowace ko rukuni ce, idan rukuni ce ya shiga cikinta ya maimaita aikin.

Sunan fayil abu ne da ake rainawa, amma a nan ne asara mafi muni take faruwa, domin shiru take zuwa. Tsarin Windows ba ya karɓar wasu alamomi a sunan fayil, daga ciki har da alamar tambaya da tauraro da ɗigo biyu da karan da ake raba kwanan wata da shi, ga shi kuma leyar rubutu a GIMP takan ɗauki rubutun da ke cikinta a matsayin suna, ta yadda leyar da aka rubuta kwanan wata da karan rabawa za ta sa umarnin ya nemi foldar da babu ita. Windows kuma ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami a sunaye, kuma Photoshop tana barin leyoyi biyu su ɗauki suna ɗaya, saboda haka fayil na biyu yana iya hawa kan na farko ya shafe shi ba tare da sanarwa ba. Ga masu aiki da Hausa akwai ƙarin lura, domin haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ da ɓ suna zama lafiya a yawancin kwamfutocin yau, amma wasu tsofaffin manhajoji sukan mayar da su alamomin da ba a ganewa, kuma idan umarni ya cire lanƙwasar domin kauce wa haka, to Ɗahiru da Dahiru sun zama fayil ɗaya. Abin da ya fi aminci shi ne a fara kowane suna da lamba mai sifili a gaba, 01, 02, har zuwa 40, wanda yake hana karo kuma yake hana manhajojin da suke jera sunaye harafi-harafi su sa 10 a gaban 2. Haruffan da ke cikin takardar kanta kuwa ba a taɓa su, sunan ɗalibi da lanƙwasarsa zai fito.

Akwai ƙananan lambobi biyu da suke rikita mutane. A tagar JPEG inganci yana tafiya daga 0 zuwa 100, amma a hanyar da umarni yake kira daga 0 zuwa 1 yake, wato 90 ya zama 0.9. Matsewar PNG kuma daga 0 zuwa 9 take, kuma ba ta taɓa ingancin hoto ko kaɗan, lokacin aiki da nauyin fayil kawai take sauyawa.

Idan umarnin ya zauna daidai, ana iya tafiyar da shi ba tare da an buɗe tagogin GIMP ba sam, ta hanyar kiran manhajar daga layin umarni da harafin i, wanda yake hana tagogi fitowa, da harafin b, wanda yake miƙa mata abin da za ta aiwatar, sannan a rufe da umarnin fita domin kada ta tsaya tana jira. Da haka ake bi ta kan folda mai fayiloli ɗari a bar kwamfuta tana aiki. A wuraren da wutar lantarki take ɗaukewa ba sallama, kamar yadda masu shagunan zane a Kano da Zariya da Maraɗi suka sani sarai, wannan yana ƙara wa ƙa'idar kwafi nauyi, domin fayil ɗin da wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubuta shi yakan lalace, kuma idan a kan na asali ake rubutawa, to babu inda za a koma. Umarnin da aka yi da hankali yakan zuba sakamako a wata folda dabam, ya riƙa rubuta sunan kowane fayil da ya kammala a wata takarda, domin idan aka dawo ya tsallake waɗanda suka gama ya sake na ƙarshen da aka katse.

Dole a yi gargaɗi game da sauyin zamani, domin yawancin misalan da mai koyo zai ci karo da su an rubuta su ne don GIMP 2. A watan Maris na 2025 aka fitar da GIMP 3.0, kuma ta zo da sauye-sauyen da suka karya tsofaffin umarni da dama. An bar Python 2, wanda masu kula da shi suka daina tallafa masa tun farkon 2020, aka koma Python 3 da sabon salon kiran manhajar. Hanyoyin fitarwa sun sauya suna, file-png-save ta zama file-png-export, kuma yanzu hoto suke karɓa ba tare da an ware musu leya ba, abin da ya toshe tarkon da aka bayyana ɗazu amma ya sa mai son leya guda dole ya ɓoye sauran ko ya ɗauke ta zuwa sabon hoto. Jerin leyoyi ma ya daina zuwa da adadi a gabansa. Saboda haka matakin farko kafin a kwafi kowane misali shi ne a duba lambar manhajar da ke kan kwamfuta, sannan a buɗe tagar rumbun a tabbatar da sunan kowace hanya da abin da take karɓa, domin wannan taga ita ce hujja a kan kowane littafi. Haka nan fayil ɗin XCF da sabuwar manhaja ta adana da sababbin abubuwa yana iya ƙin buɗuwa a tsohuwa, abin da ya shafi duk shagon da kwamfutocinsa ba su tafiya tare.

Masu Photoshop suna da irin wannan dama ta harshen JavaScript, kuma manhajar tana zuwa da shiryayyen umarni na fitar da leyoyi zuwa fayiloli. Krita ta samu Python a fitowarta ta 4.0 a 2018, sannan ImageMagick, wadda ba ta da tagogi irin na zane, tana iya ciro leyoyin PSD da layi guda. A GIMP ma akwai ƙarin kayan da wasu suka rubuta, irin Export Layers na tsohuwar manhajar da Batcher na sabuwar, kuma wanda aikinsa bai wuce fitar da leyoyi yadda suke ba, babu dalilin da zai sa ya wahalar da kansa da rubutu. Wanda zai fitar da fayiloli biyar sau ɗaya a shekara ma hannunsa ya ishe shi. Rubuta umarni yana biyan wahalarsa ne idan aikin yana dawowa, kamar takardun shaida duk ƙarshen zango ko katunan ma'aikata duk wata, ko kuma idan yawan ya kai inda gajiya za ta sa ido ya tsallake suna, domin kuskuren umarni iri ɗaya ne a duk fayilolin kuma ana gano shi a na farko, alhali kuskuren mai gajiya yana iya ɓuya a takarda ta 27 har sai ta isa hannun mai ita.

Ya kamata kuma a san cewa umarnin da aka sauko da shi daga intanet yana da ikon da mai kwamfutar yake da shi, yana iya goge fayiloli ko ya rubuta a kansu, musamman na Python, don haka ba a tafiyar da abin da ba a karanta ba a kwamfutar da aikin jama'a yake ciki. Kiran da shirin yake yi ga mai sauraron da yake son farawa shi ne ya ƙirƙiri ƙaramin hoto mai leyoyi uku, ɗaya cikakkiya, ɗaya ƙarama a gefe, ɗaya a ɓoye, ya ajiye shi a foldar gwaji, ya tafiyar da umarninsa a kai, ya buɗe kowane fayil da ya fito ya duba girmansa da bangonsa da sunansa, kuma kada ya kusantar da umarnin ga aikin abokin ciniki sai ukun nan sun fito yadda ya nufa.